FUMFUNA A KWALBAR GORAR SA'A: DARASIN DA BAI KAMATA A ZUBAR BA

Akwai wani tsiron ado da masu sayar da furanni a biranen Kano da Kaduna da Abuja suke kira gorar sa'a. Ana ajiye shi cikin kwalba ko ƙaramin tulun gilashi, a zuba masa ruwa da 'yan tsakuwoyi, ya yi shekaru yana raye ba tare da ƙasa ba. A garuruwa irin su Nasarawar Burƙullu da Anka da Gummi da Bukkuyum ba a cika ganin sa ba, sai dai jefi-jefi a kan teburin ofis ko a falon wanda ya yo tsarabarsa daga birni. Ƙarshen mafi yawan irin wannan tsaraba ɗaya ne. Ruwan ya yi yauƙi, gindin karan ya yi laushi, wani abu mai kama da auduga ko baƙar ƙura ya bayyana a jikinsa, sai mai shi ya jefar da kwalbar, ko kuma ya nufi kasuwa neman maganin feshi.

Duka matakan biyu kuskure ne. Fumfunar da ke kama tsiron da ke cikin ruwa tsafta take bukata kafin magani, sa'annan kwalbar da ta kamu ɗakin gwaji ne mai arha wanda malamin kimiyya zai iya amfani da shi wajen koyar da abin da ke cinye hatsi a rumbu da gyaɗa a buhu.

WANE TSIRO NE WANNAN?

Da farko dai, gorar sa'a ba gora ba ce. Gorar gaskiya dangin ciyawa ce, wato 'yar'uwar gero da dawa da rake. Shi kuwa wannan tsiro, wanda masana suka raɗa wa suna Dracaena sanderiana, gaɓoɓin karansa ne kawai suka yi kama da na gora. An sa masa sunan ne don girmama Frederick Sander, wani mai renon tsirrai haifaffen Jamus da ya zauna a Ingila. Abin da zai ba ɗalibi mamaki shi ne asalin tsiron na Afirka ta Tsakiya ne, musamman dazuzzukan Kamaru, inda yake fitowa a ƙasa mai laima ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa. Manoman ƙasar Sin ne suka mayar da shi haja, suna nomansa da yawa, suna lanƙwasa karansa, suna aika shi kasuwannin duniya da sunan yana kawo arziki. Sunan na 'yan kasuwa ne, kimiyya ba ta san wata sa'a a jikinsa ba.

Wannan asali shi ke bayyana halinsa. Tsiron inuwa ne, don haka rana mai zafi tana ƙona ganyensa. Kuma tsiron ƙasa ne da ke jure zaman ruwa, ba tsiron ruwa ba ne irin bado. Duk wanda ya ajiye shi a kwalba ya ɗauki nauyin samar masa abin da ƙasa take ba shi kyauta, musamman iska ga saiwoyinsa.

YADDA RUƁA KE FARAWA

Saiwar tsiro tana numfashi kamar yadda kowace halitta mai rai take yi. A cikin kwalba, iskar oksijin da ta narke a ruwa ita kaɗai ce saiwar ke samu, kuma yawanta yana raguwa yayin da ruwan ke ɗumi. Litar ruwa ɗaya tana iya riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin a ma'aunin zafi 20, amma a 30 sai ya sauka zuwa kimanin 7.5, a 40 kuwa bai fi 6.5 ba. A yammacin Zamfara, inda zafin watannin Maris da Afirilu yakan kai 40, ruwan kwalba yana saurin rasa iskarsa fiye da na ƙasashe masu sanyi inda aka rubuta yawancin littattafan kula da furanni. Idan aka bar ruwan ya daɗe, ƙwayoyin bakteriya suna cinye ɗan abin da ya rage, sai ƙananan saiwoyi su shaƙe su mutu. Mataccen nama shi ne ƙofar da fumfuna ke shiga. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ita fumfuna halitta ce da ba ta iya haɗa abincinta daga hasken rana kamar yadda koren tsiro ke yi. Jikinta zaruruwa ne sirara da ke kutsawa cikin abin da take ci, suna fitar da sinadarai masu narkar da shi, sa'annan su tsotse. Abin da ido ke gani a waje, fari ko baƙi ko kore, wurin da take fitar da irinta ne, wato wata ƙura mai ƙwayoyi miliyoyi da iska ke ɗauka. Tun a shekarar 1665 Robert Hooke na Ingila ya zana siffar fumfuna kamar yadda ya gan ta a madubin ƙara girma. In an ga fumfuna a waje, to ta riga ta yi nisa a ciki, kuma goge ta da tsumma ba ya kawar da ita.

Masu kama gorar sa'a iri-iri ne. Akwai Colletotrichum dracaenophilum, wadda masana suka bayyana a 2006 daga karan da aka shigo da shi Amurka daga Asiya. Tana iya ɓoyewa a jikin kara mai kyan gani na tsawon lokaci, sai daga baya karan ya yi rawaya, ƙananan baƙaƙen ɗigogi su feso masa. Akwai Aspergillus niger mai baƙar ƙura, wadda kowane mai ajiyar albasa ya san ta, domin ita ce baƙin da ake gani ƙarƙashin ɓawon albasar da ta sha laima. Akwai kuma Pythium, wadda ake kira fumfunar ruwa ko da yake masana na yanzu sun ware ta daga fumfuna ta ainihi. Irinta yana da 'yan wutsiyoyi biyu da yake iyo da su, don haka kara ɗaya mai cuta ya isa ya harbi duk sauran da ke cikin kwalba guda.

BA KOWANE FARI NE FUMFUNA BA

Kafin a yanke hukunci, wajibi ne a duba da kyau, domin abubuwa da dama suna kama da fumfuna alhali ba ita ba ce. Koren da ke manne wa gilashi gansakuka ce, wadda haske da taki ke haifarwa, kuma maganinta wanke kwalba da sauya ta da wadda haske ba ya ratsawa. Farin ɓawon da ke taruwa daidai bakin ruwa gishirin ruwan rijiya ne da ya bushe. Farin abu mai kama da auduga a hammatar ganye sau da yawa wani ƙwaro ne mai tsotson ruwan tsiro, ana kuma cire shi da audugar da aka jiƙa da sifirit. Idan bakin ganye ne ya bushe ya yi ruwan ƙasa, galibi kulorin ko fuloraid na ruwan sha ne sanadi. Haka nan saiwa mai launin ja ko ruwan lemo lafiyarta ƙalau, haka halittarta take. Saiwar da ta ruɓe ita ce baƙa ko toka-toka, mai yauƙi, mai wari.

Wanda bai rarrabe waɗannan ba zai iya kashe kuɗinsa a maganin fumfuna alhali matsalarsa ƙwaro ne ko gishiri. Gano cuta shi ne rabin magani, a tsiro ne ko a mutum.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Idan an tabbatar fumfuna ce, sai a fitar da karan duka daga kwalbar a taɓa kowanne. Wanda ya yi rawaya ya yi laushi ba zai sake komawa kore ba, don haka a ware shi, a binne ko a ƙona, kada a jefa shi kusa da lambu. Idan samansa na nan da ƙarfi kuma kore shar, ana iya yanke shi nesa da inda ruɓar ta tsaya da sabuwar reza ko wuƙar da aka goge da sifirit, a sa shi shi kaɗai a wata kwalba, cikin 'yan makonni zai fitar da sababbin saiwoyi. Sauran karan masu lafiya a wanke su da ruwa mai tsafta, a datse baƙaƙen saiwoyinsu.

Kwalbar da tsakuwoyin a wanke su da sabulu, sa'annan a jiƙa su cikin ruwan bilic, kashi ɗaya na bilic da kashi tara na ruwa, na kimanin minti goma, a ɗauraye sosai. Idan babu bilic, tafasa tsakuwoyin ya wadatar. Daga nan a zuba ruwan da zai rufe saiwoyi kawai, kada ya haura sama da karan. Ruwan sama mai tsafta ya fi dacewa. Idan na famfo ne mai kulorin, a bar shi ya kwana a buɗe. A riƙa sauya ruwan duk mako, da bazara kuwa sau biyu a mako. Taki ɗigo kaɗan ne a cikin watanni, domin yawansa gansakuka da bakteriya yake ciyarwa. Idan ruɓar ta ƙi ƙarewa, a dasa tsiron cikin tukunyar ƙasa mai huda a gindi, wato a mayar da shi muhallinsa na asali.

Me ya sa ba a ambaci maganin feshi ba? Dalilin farko, maganin da ke kashe fumfuna ta ainihi sau da yawa ba ya taɓa Pythium, kuma mai saye a kasuwa ba shi da hanyar sanin wadda ke gabansa. Na biyu, magani ba ya rayar da naman da ya mutu, kuma in ruwan bai sauya ba cutar dawowa za ta yi. Na uku, wanda shi ne mafi girma, magungunan gona guba ne da aka yi domin fili, da safar hannu da takunkumi. Zuba su cikin kwalbar da ke kan tebur, a ɗakin da yara ke wasa, inda yaro zai iya ɗauka ya kurɓa, kasada ce da darajar tsiron ba ta kai ba.

SAURO MA NA JIRA

Sauya ruwa duk mako yana da wani dalili da ya fi lafiyar tsiron muhimmanci. A shekarar 2001 jami'an lafiya a jihar Kalifoniya ta Amurka sun gano sauron Aedes albopictus cikin kayan gorar sa'a da aka shigo da su ta jirgin ruwa daga kudancin Sin, an jera su cikin ruwa. Hakan ya sa hukumomin Amurka suka hana shigo da tsiron cikin ruwan da ke tsaye. A 2005 an sake samun wannan sauro a ɗakunan renon gorar sa'a a ƙasar Holan. Sauron yana yaɗa zazzaɓin dengi, kuma an fara ganin sa a Nijeriya a jihar Delta tun 1991. Ɗan'uwansa Aedes aegypti, mai yaɗa zazzaɓin shawara, ya daɗe a ƙasar nan, kuma ƙaramin mazubi mai ruwa mai tsafta shi ne wurin da ya fi so ya yi ƙwai. Bugu da ƙari, a 2020 an gano Anopheles stephensi a jihar Gombe, wani sauron zazzaɓin cizon sauro daga Asiya da ke hayayyafa cikin mazuban ruwa na gida.

Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi, kwana bakwai zuwa goma ne a lokacin zafi. Wanda ke zubar da ruwan kwalba duk mako yana yanke wannan zango. Amma dole a goge cikin kwalbar, domin ƙwan Aedes yana mannewa a jikin mazubi, yana kuma jure bushewa na watanni. Wannan doka ta shafi randa da tulu da kaskon ruwan kaji da tsohuwar taya a bayan aji.

DAGA KWALBA ZUWA RUMBU

Wani zai ce, a yankin da ke fama da rashin tsaro, inda a 2021 aka rufe makarantun jihar baki ɗaya, inda wasu ajujuwan ba su da kujeru, maganar tsiron ado maganar masu ƙoshi ce. Ƙorafin yana da ƙarfi, kuma babu wanda ya ce makaranta ta kashe kuɗi wajen sayen gorar sa'a. Sai dai halittun da ke ruɓar da ita dangin waɗanda ke cin abincin mutanen yankin ne.

Fumfunar ruwa irin Pythium ita ke sa tsiron tumatir da tattasai ya faɗi a wurin reno, gindinsa ya tsuke kamar an matse. 'Yar'uwarta Sclerospora graminicola ita ke mayar da zangarniyar gero tarin ganye maimakon ƙwaya. Wata 'yar'uwar tasu, Phytophthora infestans, ita ta lalata dankalin Turawa a ƙasar Ailan daga 1845, inda yunwa da cututtuka suka kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, wasu miliyan ɗaya suka yi hijira. Burtuntunar da ke mayar da ƙwayar dawa baƙar ƙura ita ma fumfuna ce. Garin maganin da manomi ke cakuɗa iri da shi kafin shuka domin waɗannan cututtuka aka yi shi, kuma nan ne wurin da magani ya dace, a gona, bisa ƙa'ida.

Mafi hatsari ita ce Aspergillus flavus, 'yar'uwar baƙar fumfunar albasa, wadda ke kama gyaɗa da masara. Tana fitar da gubar afulatoksin. An gano gubar ne bayan da kimanin talotalo 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin tunkuzar gyaɗa daga Birazil. A 2004, gurɓatacciyar masara ta kwantar da mutum 317 a gabashin Kenya, 125 daga cikinsu suka rasu. Cin gubar kaɗan-kaɗan na tsawon shekaru yana haifar da sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, kuma ana danganta shi da tsumburewar yara. Dafuwa da suya ba sa kashe ta, don haka gyaɗar da ta yi fumfuna ba ta gyaruwa don an mayar da ita ƙuliƙuli ko mai. Idan aka ba dabba ita, wani ɓangare na gubar yana fitowa a nono.

Mutanen Anka da Bukkuyum sun san gubar da ido ba ya gani. A 2010 ƙurar dalma daga dakan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Dalma ba fumfuna ba ce, amma darasin ɗaya ne, wato abin da ke kashewa a hankali a cikin gida yana bukatar wanda ya san alamunsa tun da wuri. Ɗalibin da ya ga yadda laima da ɗumi da rauni a jikin tsiro suka buɗe wa fumfuna hanya a kwalba zai gane dalilin shanya gyaɗa a kan tabarma ko tamfol maimakon ƙasa, da tsince fasassun ƙwayoyi, da ɗora buhu a kan katako, da busar da masara har laimarta ta sauka zuwa kimanin kashi 13 cikin ɗari. Zai kuma fahimci hikimar Aflasafe, wanda Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasashe Masu Zafi da ke Ibadan ta samar, inda ake watsa wa gona nau'in Aspergillus flavus marar guba domin ya riga mai gubar kama wuri.

GWAJI A AJI

Wannan darasi ba ya bukatar gorar sa'a. Reshen dankalin Hausa yana fitar da saiwa a ruwa cikin kwanaki, kuma ana samun sa a kowane lambu. Malami zai iya sa ɗalibai su tanadi kwalabe huɗu iri ɗaya, kowace da reshe mai tsawo ɗaya. Ta farko a riƙa sauya mata ruwa duk kwana uku. Ta biyu a bar ruwanta yadda yake. Ta uku a bar ruwanta, a ƙara mata ɗan sukari. Ta huɗu a bar ruwanta, a ƙuje gindin reshen da reza. A toshe bakin kowace da auduga ko ƙyalle saboda sauro, a ajiye su wuri guda a inuwa. Kowace safiya ɗalibai su rubuta launin ruwa da warinsa da tsawon saiwa da ranar da yauƙi ko fumfuna ta fara bayyana.

Bayan mako uku ɗalibai za su sami jadawali na kansu. Za su koyi cewa a gwaji abu ɗaya ake sauyawa a bar sauran, kuma kwalbar da ba a yi wa komai ba ita ce ma'auni. Idan sakamakon wani rukuni ya saɓa wa na wani, wannan ba gazawa ba ce, dama ce ta tambayar dalili. Za a iya haɗawa da gwajin gyaɗa: busasshiya a leda ɗaya, mai laima a wata, a ɗaure bakinsu. Kada a buɗe ledar da ta yi fumfuna a cikin aji, domin ƙurarta tana tayar da asma. A duba ta waje, a binne bayan an gama, a wanke hannu da sabulu.

Ya kamata kuma a gaya wa ɗalibai cewa fumfuna ba duka ce abokiyar gaba ba. Yis ɗin da ke kumbura burodi danginta ne. Ita ke ruɓar da ganye ya zama taki. A 1928 Alexander Fleming ya lura da wata fumfuna da ta faɗa cikin farantin gwajinsa a Landan ta hana bakteriya girma a kewayenta, daga nan aka samo maganin fanisilin. Da ya wanke farantin ba tare da ya duba ba, da wani ne zai yi wannan suna.

KAMMALAWA

Nauyin farko yana kan malaman kimiyyar halittu da na aikin gona, su mayar da darasin fumfuna daga allo zuwa abin da ɗalibi zai gani ya auna. Kwalejojin horon malamai, irin ta Maru, da Jami'ar Tarayya ta Gusau da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, suna iya taimakawa da ƙananan littattafai cikin Hausa masu hotunan cututtukan gero da dawa da gyaɗa. Masu sayar da magungunan gona a kasuwanni su ma ya dace su riƙa tambayar mai saye inda zai yi amfani da abin da ya saya.

Ga mai gorar sa'a a gida, aikin ba shi da wuya: ruwa sabo duk mako, kwalba wankakkiya, inuwa mai haske, da cire karan da ya ruɓe tun bai harbi sauran ba. Ga ɗalibin Nasarawar Burƙullu kuwa, amfanin ya wuce kwalba. Rigakafi ya fi magani, kuma ranar da ya hana a sayar wa mai ƙuliƙuli gyaɗar da ta yi fumfuna, ko ya kifar da kaskon da sauro ke ƙwai a ciki, iliminsa ya fara yi wa garinsu aiki.